Bindigar Goggo Ivy da Samfefar Trent

Duk wanda ya je filin harbi na Mullagong ranar Lahadin nan ya ga ƙafafun Clarrie Dowd tun daga sama har ƙasa, kuma har yau ba a sami wanda ya ce ya ji daɗin ganin ba. Farare fat, sirara kamar na zalɓe, ga ɗan wandon ciki mai hoton kifaye wanda 'yarsa Narelle ta saya masa da Kirsimeti.

Shi dai ya ce laifin iska ne. Tsoffin bindigogi masu liba irin tasa, ta sama suke tofar da kwanson harsashi. Ka harba, ka tura libar da ke ƙarƙashi, kwanso ya yi tsalle sama da zafinsa, ka dawo da ita, sabon harsashi ya hau. Shi ya sa kowa a kulob ɗin yake sa malafa mai faɗin baki, don kwanso ya faɗo a kanta ya gangara ƙasa. Ran nan Clarrie yana tsaka da kayar da ragunan ƙarfe da ake jerawa can nesa, ya ma wuce Des Mulcahy, abokin hamayyarsa tun suna samari, sai iska ta ɗauke masa malafa. Mai hankali zai dakata ya ɗauko abarsa. Clarrie ya ce in ya tsaya, Des zai ce hannunsa ne ya fara rawa. Ya ci gaba da harbi. Kwanso ya tashi, ya juya a sama, ya faɗa ta bayan wuyan rigarsa, ya bi gadon baya. Shi kuwa ba ya ɗaura bel, igiyar kafaɗa ke riƙe masa wando, ƙugun a sake. Kwanso ya sami hanya a buɗe, ya wuce har inda ba a faɗa.

A nan dole a yi masa adalci, bai yar da bindigar ba. Ya buɗe libar, ya kwantar da ita a kan benci bakinta na kallon daji, a hankali kamar mai kwantar da jariri. Sannan ya fara rawa. Ya zame igiyoyin kafaɗa, wando ya zube a idon sawu, ya yi taku ɗaya da baya, ya faɗa kwatar da ke bayan rumfa, daidai gaban teburin da matan kulob suke zuba shayi suna yanka kek. Ƙashin idon sawu ya ce ƙas.

Des ya leƙo da kofin shayinsa a hannu.

"Clarrie, mutumina, akwai sauran raguna a tsaye. In ƙarasa maka da taka?"

"Ka taɓa ta," in ji Clarrie daga cikin kwata, "ka ga yadda mai ƙafa ɗaya yake gudu."

Ko da masu motar asibiti suka ɗora shi a gadon ɗauka, ba ƙafar yake tambaya ba. Cewa yake yi kwanson da ya ƙona shi yana cikin wandon, kada wanda ya yar.

Ita kuwa bindiga ba a barin ta a benci, kuma ba mai ɗaukar ta sai mai lasin. Des ya miƙa hannu, Clarrie ya yi masa wani kallo, ya janye. Sai aka kira Trent, mijin Narelle, wanda yake da lasin saboda yana zuwa harbin aladun daji. Ya zo ya naɗe ta a bargo, ya kai ta akwatin ƙarfensa na gida ya kulle. Daga nan abin haushi ya fara.

Sai ka san bindigar kafin ka gane dalilin haushin. Clarrie bai tashi da uwa ba, ubansa kuwa mai kora shanu ne, in ya tafi sai an manta kamanninsa. Ƙanwar uban, Goggo Ivy, ita ta raine shi a wani ɗan fili bayan kogi. Ba ta taɓa aure ba, ta ce ba ta ga namijin da ya fi dokinta amfani ba. Da kuɗin fatar kangaru da ladan kawunan karnukan daji ta ciyar da shi, kuma da wannan bindigar ta same su. Tun lokacin da ta shigo hannunta tsohuwa ce, musaya ta yi da wata goɗiya mai cizo, kowa a cikinsu ya tafi yana ganin ya cuci ɗan'uwansa.

Baƙin fentin da aka yi wa ƙarfen a masana'anta ya daɗe da tafiya. Abin da ya rage launi ne kamar na shayin da ba madara, sumul, inda hannu ke riƙewa ya fi haske. Ƙotar ta yi baƙi da gumi da man tumaki. A wuyanta, inda ta tsage ranar da doki ya birkice da Goggo Ivy, akwai ɗanyar fatar shanu da ta jiƙa ta naɗe ta ɗinke, ta bushe ta ƙame kamar ƙarfe. A gefen dama akwai ramukan haƙoran Nipper, ɗan kwikwiyon da Clarrie ya yi kuka aka bar masa, wanda ya ci ƙotar yana fitar da haƙora, ya kusa rasa ransa a kan haka. A gefen hagu kuwa akwai wani wuri da ya ɗan lotsa ya yi duhu, inda kumatun Goggo Ivy ya kwanta rabin rayuwarta, na Clarrie ya gaje shi. Yakan ce in ya ɗora kumatu a nan, ba ya neman saiti, saiti ke neman sa.

A wurin masu tara irin waɗannan bindigogi, doka ɗaya ce ba a rubuta ba, kuma ba a karya ta. Cikin bututu a wanke shi tas. Waje kuwa tsumma da ɗigon mai, shi ke nan. Ba gogewa, ba fenti, ba gyaran rami. Akwai wani a garin nan da ya kai ta kakansa aka shafe ta da farin ƙarfe tana walƙiya kamar bambar mota. Har yau in ya shiga mashaya, kujerun da ke kusa da shi a wofi suke.

Clarrie ya yi aikinsa na gyaran injin iska mai jawo ruwa da kafa shingen gonakin tumaki har gwiwoyi suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki, sai ya tare a rumfar bayan gida. Harsashin bindigarsa ba a sayar da shi a Mullagong, don haka da kansa yake yi. Yana bin garejoji yana roƙon tsohuwar dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota, ya narka ta a tukunyar da marigayiya matarsa Beryl take dafa jam na shafa wa burodi, wadda ya ce aro ya yi, ta mutu ba ta yafe ba. Ya zuba kawunan harsashi, ya auna baƙin albarushi irin na da, mai hayaƙi kamar an ƙona daji, ya ɗura a kwanso, ya matse. Kowane kwanso yana da ɗigon jan farcen Beryl a gindi, don kada ya haɗu da na Des. Bayan kowane harbi za ka gan shi da rarrafe cikin ciyawa yana nemansu kamar kaza. Ranar wanke bututu kuwa, duk layinmu mun sani, domin warin ruɓaɓɓen ƙwai ke bin shanya, mutum ya sa riga ya tafi coci ana matsawa daga gare shi. An yi masa magana. Ya ce wannan ƙamshin tarihi ne.

Tun yana gadon asibiti ya sa aka kira Trent, domin baƙin albarushi ba ya kwana a bututu, tsatsa zai kira. Ya karanta masa dalla-dalla: tafasasshen ruwa ta ciki har sai ya fito fari, a busar, a sa mai. Trent ya yi, kuma ya yi daidai. Matsalar ita ce yana cikin yi ya ga wajen.

Shi Trent mai gyaran jikin mota ne, kuma gwani ne, ba mai musu. Amma Allah ya yi shi ba ya iya ganin lotsawa ya wuce. In ya zo gidanka shan shayi, kafin ya tafi ya buga maka murfin tukunya ya miƙe. Mutumin kirki ne, mai son a yaba masa, ga surukinsa tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai fentin nan". Ranar haihuwar Clarrie tana matsowa. Trent ya dubi bindigar, ya ga tsatsa, ya ga ramuka, ya ga wata ƙazamar fata, ya ce a ransa ga inda zai shiga zuciyar tsoho.

Aka sallamo Clarrie da ƙafa cikin simintin asibiti har gwiwa. Narelle ta kwashe makullin motarsa ta jefa a jakarta. Kullum ta kawo masa abinci sai ya tambaya.

"Yaushe mai fentin nan zai dawo min da ita?"

"Baba, ka warke tukuna. Ina za ka da bindiga a kan kujera?"

"Zan dube ta. An hana kallo ne?"

"Tana nan lafiya. Ci abincinka kafin ya huce."

Shi kuwa Trent in ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, hannu a aljihu. Murmushin nan ya fi ƙafar hana Clarrie sukuni. Mutumin da ka ba ajiya ba ya murmushi haka in ajiyar tana inda ka bar ta.

Wata Asabar da hantsi sai ga Des ya zo dubiya, a ƙafa, domin likita ya sa an karɓe masa lasin tuƙi saboda ido. Harbi kam yana yi, wai raguna ba sa tsallaka titi. Ya kawo biskit, ya zauna ya cinye rabi, ya tambayi ƙafa, ya tambayi inda kwanso ya ƙona, ya ce matan kulob suna gaisuwa, wata ma ta ce ta daina cin kifi. Sai da ya gama jin daɗinsa sannan ya goge baki.

"Surukin nan naka yana da ƙoƙari fa. Jiya na gamu da shi a kantin kayan gini. Yake tambayata wace samfefa ce ta fi dacewa da goge tsohon katako."

Clarrie ya ajiye kofi.

"Wane katako?"

"Haka na ce masa. Ya ce sirri ne, kyauta ce. Na ga kuma ya sayi kwalbar baƙin fentin ƙarfe, da man sheƙi irin na teburin cin abinci."

"Jiya. Kuma sai yanzu kake gaya min, bayan ka cinye biskit."

"To, na ce wataƙila kujera yake yi maka."

"Des, kai ka san ba kujera ba ce."

Des ya sunkuyar da kai. Shi kansa ya daɗe yana kwaɗayin bindigar nan, yana lissafin cewa zai fi Clarrie daɗewa a duniya. "Na sani," ya ce. "Ban yi barci ba. Ni ma ai asarata ce."

Clarrie ya buga wa Trent waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya buga wa Narelle a kantin maganin da take aiki.

"Ke, me mijinki yake yi da bindigar Goggo Ivy?"

"Kai, wa ya gaya maka? Des ko? Baba, za ka ji daɗi, na rantse. Na ga gefe ɗaya jiya, kamar sabuwa. Ina da mutane a layi, sai anjima."

Kamar sabuwa. Da ta ce gidan ya kama wuta da ya fi masa sauƙi. Amma ta ce gefe ɗaya, kuma a kan wannan maganar ya miƙe. Wane gefen? In dama ne, haƙoran Nipper sun tafi. In hagu ne, kumatun Goggo Ivy. Garejin Trent yana can ƙarshen gari bayan filin ƙwallo. Mota ba makulli, Des ba lasin, sandunan guragu kuwa ko bakin titi ba za su kai shi ba.

Sai idonsa ya faɗa kan injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa.

Mu da muke layin mun ga fitowarsa. Rigar barci a sama, malafa a ka, ƙafar siminti a miƙe kan murfin injin bisa matashin kai, yatsun a waje suna kallon sama. Injin tsoho ne, abin kashe wuƙarsa ya maƙale tun bara, saboda haka duk inda ya bi yankan ciyawa yake yi, inda ba ciyawa kuma ya watsa tsakuwa. Des yana biye da sanduna a kafaɗa. Ba a yi nisa ba Des ya wuce shi, ya riƙa tsayawa a kowace kwana yana jira.

"Taka shi mana, Clarrie."

"Iyakarsa ke nan."

"Da ka bari na goya ka."

"Da na mutu."

Suka bi ta gaban gidan burodi, inda rabin gari ke tsaye da safiyar Asabar. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Clarrie, yau dai da wando ko?" Wata ta ce in ya gama ya biya ta gidanta, bayan ɗakin ya yi ciyawa. Bai kalli kowa ba. Haƙoransa a cije, yana magana shi kaɗai, kuma abin da yake faɗa ba na rubutawa ba ne. Da ya zo filin ƙwallo bai zagaya ba, ya ratsa ta tsakiya, ya bar layi guda fes daga wannan raga zuwa waccan, wanda aka yi ta gani har ƙarshen kakar wasa.

Ƙofar garejin a buɗe take, rediyo na kaɗawa. Clarrie ya nemi birki da ƙafar da ke cikin siminti, bai samu ba, injin ya shige ciki ya tsaya a jikin gwangwanayen fenti. Trent ya juyo, gilashin aiki a goshi, ƙaramar wuƙa a hannu.

Ga ta nan a kan teburin aiki, a matse tsakanin tsummoki, gefen dama a sama. Ƙarfen yana walƙiya har Clarrie ya ga malafarsa a ciki. Katakon ya yi fari sol kamar cikin burodi. Bakin wuƙar kuwa yana ƙarƙashin fatar da ke wuyan ƙota, zare ɗaya ya riga ya tsinke yana lilo.

"Ajiye wuƙar nan."

"Baba, ai ka ɓata abin. Sai ranar haihuwarka za..."

"Ajiye ta a ƙasa. Ka taka ta. Ka ja da baya."

Trent ya yi yadda aka ce. Des ya iso yana haki, ya miƙa sanduna, ya leƙa teburin, ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji kamar a maƙabarta.

Clarrie ya dogara ya matsa. Ya shafa farin katakon da babban yatsa, sama da ƙasa, yana neman abin da ya san babu.

"Ina haƙoran Nipper?"

"Ramukan nan? Sun ba ni wahala, Baba. Sai da na sa jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga na tayar da su, sannan na bi da samfefa. Duba, ko alama babu."

"Ko alama babu," in ji Clarrie. "Ka ji shi, Des. Yana jira in tafa masa."

"Tsatsa ce fa ta cinye ta. Na ce in..."

"Tsatsa? Kai ka san tsatsa? Wannan hannun matar da ta ciyar da ni ne. Rana ta dafa shi, gumi ya jiƙa shi, sirdi ya goge shi, tun ubanka bai san hanyar makaranta ba. Ba a sayar da shi a gwangwani. Doki ya faɗa kan bindigar nan ta tashi. Ambaliya ta tafi da ɗakinmu, aka tsamo ta a kan bishiya. Gobarar daji ta bi ta kanta. Duk ba abin da ya iya da ita sai da ta faɗa hannun mai son a ce masa sannu da aiki. Wa ya aike ka? Na ce ruwan zafi ta ciki. Na ce ka yi mata kwalliyar amarya?"

"Na ɗauka za ka ji daɗi."

"Ka ɗauka. Fatar nan da kake shirin yankawa, ka san me ke ƙarƙashinta? Tsaga ce. Ita ke riƙe da ƙotar. Da ka yanke, da me za ka cike?"

Trent ya dubi wani gwangwani a kan kanta, irin abin da suke cike lotsawar mota da shi, ya yi sauri ya ɗauke ido. Amma Clarrie ya gani. Des ma ya gani, duk da idon nasa, ya yi wani nishi.

"Kwance ta," in ji Clarrie.

Trent ya sassauta matsin. Clarrie ya jingina sanduna da tebur, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya karɓe ta. Ya buɗe libar ya leƙa ciki, don ko gidan duniya na cin wuta ba ya tsallake wannan. Sannan ya juya ta.

Gefen hagu yana nan yadda yake. Launin shayi, baƙin katako, da ɗan wurin nan da ya lotsa ya yi duhu. Ya ɗaga ta ya nufi bangon da ba kowa, ya kwantar da kumatu. Ya daɗe a haka. Rediyo na ta talla, ba wanda ya motsa ya kashe.

Da ya sauke ta, haushin bai ragu ba.

"Me ya sa ka fara da dama?"

"Ta nan hasken taga yake," in ji Trent.

"To ka gode wa tagar nan. Ita kaɗai ce mai hankali a garejin."

Ba a ɗaukar bindiga a injin ciyawa a ratsa gari, ko Clarrie ya san haka. Trent ne ya kai su gida a motarsa, ita a akwati, shi a kujerar baya da ƙafa a miƙe. Des ya ce zai dawo da injin, tunda injin ciyawa ba ya buƙatar lasin. Ya dawo da shi, tare da wani yanki na shingen gidan fasto.

Narelle ta zo da yamma da niyyar faɗa, ta tarar da ubanta a rumfar baya yana ɗinke zaren nan guda da allurar buhu, tabarau a kan hanci. Ta tsaya ta kalle shi, ta koma ta dafa shayi. Ranar haihuwar aka ci kek ba daɗi. Trent ya kawo safa.

Lahadin farko bayan an fasa simintin, Clarrie ya koma fili. Ya ɗaura bel a kan igiyar kafaɗa, ya ɓalle riga har maƙogwaro, malafa kuma an sa mata igiya a haɓa. Da ya zaro bindigar daga akwati rana ta daki gefen dama, hasken ya haska rumfar gaba ɗaya. Mutane suka taru suna kallo kamar an kawo mara lafiya.

Des ne ya fara magana.

"Ta yi kama da mai ita yanzu. Rabi a rufe, rabi tsirara."

"Ni ranar da na tuɓe, shayi ya huce a hannun mata," in ji Clarrie yana ɗura harsashi. "Kai ka tuɓe mu gani ko ƙuda zai waiwayo."

Ya ɗora kumatu a wurinsa, hayaƙi ya turnuƙe, rago na farko ya faɗi. Kwanso ya tashi, ya daki malafa, ya gangara ciyawa. Tunda idon sawu ba ya yarda da durƙuso yanzu, Trent ne a bayansa da rarrafe yana tsintar masu jan ɗigo yana zubawa a gwangwani. Ba wanda ya sa shi. Shi ya zo da kansa, kuma tun ranar bai fasa ba.

Da aka tashi shan shayi, Clarrie ya miƙa masa bindigar a buɗe.

"Riƙe. Cire safar hannun nan. Ta nan za ka riƙe, inda ka ɓata. Ka yi gumi a kai."

Trent ya riƙe da hannu biyu. Ya dubi ƙarfen, ya ga fuskarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, na yi bincike. Akwai wani ruwa da ake shafawa, yini ɗaya ya mayar da ƙarfe launin tsoho. Ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Ita ma za ta gane."

Trent ya sake duban bindigar. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama. Kowa ya ga hannunsa na ƙaiƙayi, domin abin da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba yana hana shi numfashi. Abin ya fi ƙarfinsa.

"To ko dai in ƙarasa ɗaya gefen kawai? A ƙalla su zama iri ɗaya."

Des ya ajiye kofinsa don kada ya zube. Clarrie ya gama tauna kek ɗin da ke bakinsa, ya karkaɗe gemu.

"Ka bari in mutu tukuna, Trent. Ranar ka zo da samfefarka ka fara da fuskata. In Narelle ta leƙa akwatin gawar ta gane ubanta, sai ka wuce kan bindigar."